Mai Shafen Farar Ƙasa a Tsibirin Jarba

Kafin jiragen bazara su fara zubo baƙi,
ni Sasi ɗan Munji nakan jiƙa farar ƙasa a ganga,
in bar ta ta tafasa ba tare da wuta ba,
sannan in ɗaure tsani a bayan babur
in nufi masallacin bakin ruwa.

Ba shi da girma. Sahu biyu, ya cika.
Amma kaurin bangonsa kamu biyu ne har da ɗani,
tagoginsa tsaga ce kawai, hannu da ƙyar yake shiga,
don waɗanda suka gina shi
suna salla ne da kunne ɗaya a teku.
Kakata ta ce a kan gajeriyar hasumiyar nan
ake hura wuta da dare
in an hango jirgin da ba a san tutarsa ba.

A Humt Suƙ akwai babbar ganuwa, Burjul Kabir,
can ake yankar tikiti, can ake ɗaukar hoto.
Akwai Gariba, ɗakin ibadar Yahudawa,
mai shuɗin tayil kamar an daskarar da ruwa.
Abokina Hamus, maƙerin azurfa,
shi ke ba ni labarinta, ni in ba shi na bangona,
mu raba shayi kafin la'asar.
Tsohon masaukin fatake ya koma otal,
inda raƙuma ke durƙusawa an kafa tebur da laima.
Ɗana Ziyad ke kai musu lemo.
Ban ce komai ba. Tarihi ba ya hawa murhu.

Bara mai otal ya aiko min da fenti,
gwangwani goma, kyauta,
wai shekara biyar ba sai an sake ba.
Na mayar masa.
Na ce bango yana numfashi,
gishirin da ya shiga dole ya sami ƙofar fita.
Ya yi dariya. Ni ma na yi, don kar a ce.

Bana kuwa, ta gefen gabas,
igiyar ruwa ta ɓantare min wuri kamar faɗin faranti.
Na durƙusa ina kankarewa,
sai ga shekaru a jere kamar ɓawon albasa:
nawa fari tas,
na babana ya ɗan ja zuwa ruwan ƙwai,
can ƙasa wani toka-toka wanda ban san mai shi ba.
A cikinsa, zaren dabino guda ɗaya
da ya tsinke daga burushin wani
ya maƙale tun kafin a yanke min cibiya.
Wane ne? Ya yi tsaki da ya gani?
Ko ladan ne ya kira, ya ce bari sai gobe?

Ina riƙe da shi Ziyad ya iso da abincin rana,
wata baƙuwa na biye da shi,
malafa mai faɗi, rana ta ƙone mata hanci.
Ta yi tambaya, ya fassara:
wai a wace shekara aka gama ginin?
Na dubi bokitina, na dubi tsanin.
Na ce, gaya mata ba a gama ba.
Shi kuwa ya faɗa mata wata lamba da ya gani a takarda.
Ta rubuta, ta yi godiya,
ta wuce wajen masu raƙumin haya.

Na mayar da zaren inda na same shi,
na tsinko ɗaya daga nawa burushin na kwantar kusa da shi,
na shafe su tare.

Teku na matsowa, na sani,
ba sai mai gilashi ya zo da igiyar awo ba.
Hannuna duk ya tsattsage,
da dare Mabruka za ta shafa min man zaitun
tana mitar cewa na tsufa da hawa sama.

Gefen arewa ya rage.
Ziyad bai koma ba tukuna, ya riƙe min tsani
da baƙar falmaransa ta otal.
Wani ɗigo ya sauka a kafaɗarsa, fari fat.
Bai gani ba.
Ban gaya masa ba.